Yadda Ake Barbaɗa Ruɓaɓɓen Taki a Kan Ciyawar Ado Don Gyara Ƙasa

Tun da damina ta kawo jiki, tambaya ɗaya ce take ta zuwa mini daga Malali, Barnawa, Unguwar Rimi, har da sababbin gidajen Millennium City. An shuka ciyawar ado a harabar gida, ana ba ta ruwa, an ma watsa mata takin zamani, amma ta ƙi kyau. Nan kore, can ja, can kuma ƙasa tsirara. Me za a yi mata ba tare da an tone ta an sake sabon lale ba?

A yawancin gidajenmu na Kaduna ciwon yana ƙarƙashin ciyawar ne. Lokacin gini an yi ciko da jar ƙasa da burji, tifa ta bi ta kai, leburori sun tattake, an binne ragowar siminti da fasassun bulo. Da aka gama sai aka yafa 'yar baƙar ƙasa a sama aka dasa ciyawa. Saiwa ba ta samun hanyar shiga, ruwa kuma sai dai ya gangare. Takin zamani zai kawo kore na 'yan makonni, amma ba ya sassauta ƙasa. Abin da ke sassauta ta shi ne ruɓaɓɓen taki, a barbaɗa shi kaɗan a sama, a tura shi tsakanin ciyawa, tsutsar tana da sauran ƙananan halittun ƙasa su riƙa jan sa ciki.

Kayan aikin su ne baro, shebur, manjagara, tsintsiyar kwakwa, cokalin lambu mai yatsu huɗu, rariya irin ta masu tankaɗe yashi, bokitin fenti mai lita 20, tef na awo, safar hannu da takunkumi. In ba ka da rariya, kafinta zai haɗa maka da katako huɗu da ragar waya mai ido kamar santimita 1, ko a yi maka ta ƙarfe a Panteka, wadda za ta fi jimawa.

Mataki na 1: Duba ƙasar tukuna

Ka ba wurin ruwa da yamma. Washegari ka ɗauki guntun rodi ko doguwar sukurdireba ka riƙa cakawa a wurare daban-daban. Inda ta shige tsawon yatsa ko fiye ba tare da kokawa ba, ƙasar da sauranta. Inda ta tsaya a santimita 2 ko 3, nan ne aikin yake. Sai ka yanko ɗan yanki da shebur, faɗin tafin hannu, ka juya shi. Ka ga iya inda saiwa ta tsaya, ka ga kuma ko matacciyar ciyawa ta taru ta yi kauri tsakanin ganye da ƙasa. In kaurinta ya wuce santimita 1, sai an karce ta kafin a zuba komai.

Hattara: in shebur ya ci karo da daskararren siminti ko bulo, tono shi ka fitar. Babu takin da zai gyara wannan. Haka nan in wurin da ya mutu ƙarƙashin mangwaro ne ko dogon yaro, rana ce ciyawar ta rasa. Ciyawar Bahama, wadda muka sani da kiri-kiri, ba ta son inuwa. Ciyawar kafet ta fi ta jurewa, ita ma ba cikin inuwa mai duhu ba.

Mataki na 2: Zaɓi lokaci

A yi aikin lokacin da ciyawa take girma da ƙarfi, don ta huda takin ta fito cikin kwanaki. A Kaduna wannan yana kamawa daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuni, bayan ruwa ya zauna, ƙasa ta sha ta yi laushi. Ana iya ƙara wani ɗan kaɗan a ƙarshen Satumba, don ƙasa ta shiga rani da abin riƙe danshi.

Kada a yi a Agusta. Ruwan marka zai kwashe takin ya kai lambatu, abin da ya rage kuma ya zama caɓi a kan ganye. Kada a yi a tsakiyar hunturu ko zafin Maris da Afrilu, sai dai in kana da rijiyar burtsatse da za ka iya ban ruwa kullum. In ba haka ba takin zai bushe a sama, iska ta ɗebe rabi.

Mataki na 3: Auna fili, ka lissafa taki da kuɗi

Nan ne ake yawan yin asara, domin mutane suna cewa kawai a kawo mota guda. Kaurin da ake so rabin santimita ne zuwa santimita 1, bai wuce nan ba. A kaurin santimita 1, kowace murabba'in mita tana cin lita 10. Bokitin fenti ɗaya ke nan zai rufe murabba'in mita 2, ko 4 in rabin santimita za ka yi.

A ce ciyawarka mita 10 ce a tsawo, 8 a faɗi. Murabba'in mita 80 ke nan, lita 800, bokiti 40. Baron gini yakan ɗauki bokiti 3 zuwa 4, don haka baro 10 zuwa 14 ne. Ka auna naka baron da bokiti sau ɗaya, ka huta da kintace. Tun da tankaɗe zai rage shi, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu, ka sayi bokiti 50. Wanda zai saya a buhun siminti ya sani kowane buhu wajen lita 35 yake ɗauka.

Kuɗin kashi huɗu ne: na takin, na motar ɗauko shi, na masu lodi da tankaɗe, sai na rariya in sabuwa ce. Sau da yawa kuɗin mota da lodi ya kan kamo na takin ko ya wuce shi, saboda haka wanda ke kusa da kai ya fi araha ko da ya ɗan ɗara a farashi. Ka yi ciniki a kan baro ko buhu, kada ka yi a kan "mota guda", domin cikar a-kori-kura ta wani ba ita ce ta wani ba. Taki yana tsada gab da damina saboda manoma suna rububinsa. Mai dabara yakan saya tun cikin rani, ya tara a gida ya ƙarasa ruɓa. In maƙwabta biyu ko uku suka haɗa mota ɗaya, kowa ya samu sauƙi.

Mataki na 4: Tabbatar takin ya ruɓe

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba duk abin da mai sayarwa ya kira taki ne ya nuna ba. Kashin shanu daga zango, irin na Tudun Wada, da kashin kaji daga gidajen gona, da na tumaki da awaki daga garke, duk suna da kyau, amma bayan sun ruɓe. Masu sayar da furanni a gefen titi ma suna da shi a buhu, sai dai shi ma ka buɗe ka gani.

Ka tura hannu cikin tsakiyar tulin, da safar hannu, ba sama-sama ba. Wanda ya nuna baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, ba zafi a cikinsa, yana warwarewa a hannu, ba ka iya gane wannan kashi ne wannan ganye ne. In ka shinshina za ka ji ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko. In ka ji zarni mai hawa kai, ko ɗumi yana tasowa, ko ƙuda na binsa, da saura. In ka dunƙule shi a hannu ya kamata ya haɗu, ka taɓa shi da yatsa ya watse. In ruwa na ɗiga, ya jiƙe da yawa, a baza shi a inuwa ya sha iska.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko, ka ɗaure ɗan damshin takin a leda ka ajiye kwana 3. In ka buɗe ya yi ɗoyi, bai gama ba. Na biyu, ka cika gwangwani biyu da takin, ka shuka wake a ɗaya, ɗayan ka ba shi ruwa kawai. Cikin kwana 7 zuwa 10, in waken ya fito kore lafiya, takin ba zai ƙona ciyawa ba. Gwangwanin da ba ka shuka komai ba kuwa shi zai nuna maka yawan irin ciyayin banza da ke ɓoye a ciki. In ya cika da tsiro, ka san abin da za ka shuka wa kanka.

In bai ruɓe ba, kada ka zubar. Tara shi a inuwa, ka gauraya da busassun ganye, ka yayyafa ruwa, ka rufe da tsohon tamfol ko buhuna. Ka riƙa juya shi duk mako ko kwana 10. Tsakiyar tulin za ta yi zafi sosai, kuma zafin da ya kai digiri 55 zuwa sama na wasu kwanaki shi ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. A yanayinmu wata 2 zuwa 3 yakan isa.

Hattara da abu uku. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone ciyawa ƙurmus, ga wari ga ƙuda, ga cutar da yara za su iya kwasa. In an haɗa shi da garin katako da bai ruɓe ba, katakon zai janye sinadarin naitirojin daga ƙasa yayin da yake ruɓa, ciyawa ta koma ɗorawa, kuma gara na son sa. Na biyu takin bola. Manoma na kai shi gona, amma a inda yara ke gudu ba takalmi ni ban yarda da shi ba, saboda kwalba, reza, allura da tsofaffin batura. Na uku baƙar ƙasar tifa da ba ka san inda aka ɗebo ta ba. Ta nan aya-aya take shiga gidaje, in ta shiga kuwa fitar da ita aikin shekaru ne. Araha ba ta ado.

Mataki na 5: Tankaɗe

Jingina rariya a kan baro ko ka kafa ta a karkace a kan tamfol, ka riƙa watsa takin da shebur. Sa takunkumi, ƙurar ba ta da kyau ga ƙirji. Duwatsu, leda, itace da dunƙulen da bai narke ba za su tsaya a sama. Ka sa ido kan 'ya'yan aya-aya, ƙananan baƙaƙen ƙulle-ƙulle masu gashi, ka tsince su ka ƙone. Gwazarma in ta fito, a ba kaji. Dunƙulen da ya rage kada a yar, a mayar da shi tuli ya ci gaba da ruɓa.

In filin yana da kwazazzaɓai da kake son daidaitawa, ka ware wani kaso ka haɗa shi rabi da rabi da yashi mai kaushi. Taki shi kaɗai yana ruɓewa ya lotsa, ramin ya dawo. Rairayi mai laushi irin na filasta kuwa kada ka zuba shi a kan ƙasa mai yumɓu, yana ƙara mata tauri ne.

Mataki na 6: Aske ciyawa, ka karce ta

Kwana ɗaya ko biyu kafin aikin, a aske ciyawar ƙasa da yadda aka saba, ta tsaya kamar santimita 3. In ta yi tsawo sosai, a rage ta sau biyu da tazarar kwanaki, domin yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganye a lokaci guda yana galabaitar da ita. A cire ciyayin banza da saiwarsu. Sai a bi da manjagara da ɗan ƙarfi a karce matacciyar ciyawa, a kwashe duka. Wurin zai yi muni a ranar, kada hankalinka ya tashi.

Hattara: kiri-kiri tana jure karta sosai saboda tana da jijiya a ƙarƙashin ƙasa. Kafet kuwa a sama take yaɗo, in ka matsa mata za ka tumɓuke ta. A bi ta a hankali.

Mataki na 7: Huda ƙasa

In gwajin rodi ya nuna tauri, wannan wajibi ne. Ƙasa ta kasance da danshi, ba caɓi ba. Ka caka cokalin lambu ya shiga santimita 8 zuwa 10, ka ɗan girgiza shi gaba da baya don ramin ya buɗe, ka zare, ka matsa santimita 10 zuwa 15 ka sake. Ka riƙa ja da baya kana yi, don kada ka tattake ramukan da ka huda. Ka fi matsa wa inda ake yawan bi, kamar hanyar famfo, gefen wurin ajiye mota, da inda yara ke ƙwallo. Aiki ne mai cin ƙarfi. In gadina ko ɗan aiki ne zai yi, a raba masa shi kwana biyu, in ba haka ba zai fara da zurfi ya ƙare da tsaga-tsaga.

Hattara: ka san inda bututun ruwa, wayar fitilun waje da murfin sokawe suke kafin ka fara caka ƙarfe.

Mataki na 8: Barbaɗa takin

Ka yi da safe bayan raɓa ta bushe, ko da la'asar. Ganye ya kasance a bushe, in yana jiƙe takin zai manne masa maimakon ya gangara ƙasa.

Raba filin da igiya ko duwatsu gida-gida, kowane gida mita 2 a tsawo mita 1 a faɗi, ka juye bokiti ɗaya a tsakiyar kowanne. Da haka ba za ka cika wani gefe ka bar wani ba. Sai ka ɗebi takin da shebur ka riƙa watsawa da karkata hannu, ya bazu. Barbaɗawa ake yi yadda mai tsire ke yi wa nama da ƙuli, ana ganin naman ta ƙarƙashi. Bayan nan ka juya manjagara ta bayanta ka riƙa ja da turawa, sannan ka bi da tsintsiyar kwakwa kana sharewa da ƙarfi gaba da baya. Tsintsiyar ce ke tura takin cikin ramukan da ka huda da tsakanin kararen ciyawa. Ka durƙusa ka duba da idonka: a ce baƙin takin yana gindi, kan ganyen kuma a tsaye yake a waje yana ganin rana. In ka tsaya daga nesa filin ya fi kama da kore mai ɗan duhu, ka yi daidai. In baƙi ƙirin kake gani, ya yi yawa, ka janye shi zuwa gaba.

Babban kuskure shi ne a ce tun da taki abin kirki ne bari a jibga da yawa. Garin neman ƙiba sai a samo rama. Ciyawar da aka binne ba ta samun haske, cikin mako guda za ta yi rawaya ta ruɓe a ƙasa, ciyayin banza su maye gurbinta. Kada kuma a bar tulin taki ya kwana biyu a kan ciyawa, zai bar tabo daidai faɗinsa. A sauke lodin mota a kan siminti ko tamfol.

Wurin da yake da gangare, rabin santimita ya isa. Kwazazzaɓo kuma a cike shi da haɗin yashi kaɗan-kaɗan, kada ya wuce santimita 1 a zubi ɗaya, a bari ciyawa ta huda a sake. In ramin ya kai zurfin yatsa, ka yanka ciyawar da shebur, ka ɗaga ta da saiwarta, ka cika ƙarƙashi, ka mayar ka danna da ƙafa. Inda ƙasa ta zama tsirara, ka sassaƙe ta, ka gauraya takin a ciki, ka yanko yaɗo daga gefen da ya yi kauri ka dasa da tazarar tafin hannu.

Mataki na 9: Ban ruwa

Da an gama a ba shi ruwa a hankali, yayyafi-yayyafi, har takin ya kwanta. Kada a saki tiyo da ƙarfi, zai tara shi wuri ɗaya. In ba a yi ruwan sama ba, a riƙa bayarwa da sassafe har mako guda. In ka ga hadari mai iska ya haɗo, gara ka ɗage aikin zuwa gobe.

Mataki na 10: Makonnin da ke biye

Mako ɗaya zuwa kwana 10 kada a sa inji, kada a ajiye mota, a kuma tsare kaji, don za su tone aikin duka suna neman tsutsa. Askin farko a ɗan ɗaga inji sama. Ciyayin banza za su leƙo, komai kyawun takin. A cire su da hannu tun suna ƙanana, bayan ruwa, lokacin da saiwa ke fitowa da sauƙi. Laimar kwaɗi ma takan fito. Ba ta cutar da ciyawa, amma a tsince ta saboda yara.

Kada ka zaci kore irin na takin zamani cikin kwana uku. Ruɓaɓɓen taki a hankali yake sakin abincinsa, sai mako 3 zuwa 4 za ka ga launi ya canza, yaɗo ya fara rufe gurabe. In bayan wata guda har yanzu ciyawar a koɗe take, a nan ne za ka iya taimaka mata da NPK 15-15-15, gram 20 zuwa 30 a kowace murabba'in mita, a kan busasshen ganye, a bi shi da ruwa nan take. Kada a haɗa yuriya da takin a rana ɗaya don neman sauri, ƙuna na iya biyo baya.

Mataki na 11: Maimaitawa da tanadin baɗi

Ƙasar ciko ba ta gyaruwa a zubi ɗaya. A yi duk shekara a farkon damina, shekara 2 ko 3 a jere, daga nan a riƙa duba hali. A watan Oktoba ka sake yanko ɗan yanki ka juya. Abin da kake nema shi ne baƙar ƙasa ta fara sauka cikin ja, saiwa ta ƙara tsawo, in an yi sa'a har ka ga tsutsar tana.

Takin baɗi kuma daga gidanka zai iya fitowa. Ciyawar da ake askewa, ganyen da ke zuba da hunturu wanda aka saba ƙonawa, ɓawon kayan miya, kashin ragon layya da na awakin gida, duk a tara su a lungu ɗaya mai inuwa, ɗanye da busasshe hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Kada a sa nama, mai, ko ragowar tuwo da miya, suna jawo ɓera. Kada a sa aya-aya ko ciyawar da ta riga ta yi iri, haka ma ciyawar da aka yi wa feshin maganin kashe ciyayi kwanan nan. Tulin da aka fara a Nuwamba, in ana kula da danshinsa cikin hunturu, zai nuna kafin ƙarshen Mayu.